Yadda baƙo ke samun makwanci tsakanin Sabo da Kasuwar Bodija a Ibadan

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Bodija da ke Ibadan bayan sallar isha'i zai ga 'yan dako da masu tura baro kwance a rumfuna, wasu a gefen buhunan wake da masarar da suka yini suna saukewa. Da yawansu manyan motocin hatsi da na shanu suka biyo daga Arewa. Wa ke tantance halin da suke ciki, wa kuma ke nuna musu ɗaki?

A Amurka, ma'aikatar gidaje ta tarayya ta wajabta wa biranen da ke karɓar tallafinta su riƙa tantance marasa matsuguni ta ƙofa ɗaya. Ana tambayar mutum tsawon lokacin da ya yi a titi da yanayin lafiyarsa, sannan a sa sunansa a layi gwargwadon tsananin buƙatarsa. Ƙasar Finland kuwa tun 2008 ta zaɓi ta fara ba mutum gida, sauran matsalolinsa su biyo baya.

Hausawan Ibadan, ko Badun kamar yadda 'yan Arewa ke kiran birnin, suna da tasu hanyar da ta girmi waɗannan. An kafa unguwar Sabo a 1916, kuma masanin nan Abner Cohen ya bayyana tsarinta a littafin da ya wallafa a 1969. Ginshiƙinta shi ne maigida: shi ke saukar da fataken shanu da na goro, ya ciyar da su, ya haɗa su da dillalai, ya kuma tsaya musu idan an sayi kayansu bashi. A samansa akwai Sarkin Hausawa mai sasanta rigingimu.

Tantancewar a nan ba ta takarda ba ce. Akan tambayi baƙo garinsu, da wanda ya aiko shi, da sana'ar da ya iya. Idan aka samu ɗan garinsu da zai tsaya masa, sai ya samu tabarma a zaure ko a ɗakin samari, kuma sau da yawa aikin ɗaukar kaya ya biyo baya. Raunin tsarin a fili yake: wanda ba shi da mai tsaya masa, kamar mai taɓin hankali ko matar da ta zo da yara ita kaɗai, shi ke ƙarewa a bakin titi.

Irin waɗannan ne hukuma ta fi cin karo da su. A 2021 gwamnatin Jihar Oyo ta kwashe mabarata daga titin Jemibewon da ke kusa da Sabo zuwa wata cibiyar tsugunarwa a Akinyele, can bayan gari. Ba a daɗe ba aka sake ganin wasunsu a tituna. Hakan ba abin mamaki ba ne, domin makwancin da ya yi nisa da inda mutum ke samun na abinci ba ya riƙe shi.

A watan Fabrairun shekarar, lokacin da rikicin Kasuwar Shasha ya raba jama'a da gidajensu da shagunansu, gidan Sarkin Shasha ne ɗimbin 'yan Arewa suka fara nufa domin neman mafaka, tun kafin jami'an gwamnati su iso.