Shin Ko Kun San? Al'ummar da Ake Cewa Ruwa Ya Cinye

Shin ko kun san har gobe akwai masu rantsuwa cewa wata ƙasaitacciyar al'umma ce, wadda ruwa ya cinye kimanin shekara 12,000 da suka wuce, ta koya wa duniya gini? Gogansu a yanzu shi ne marubucin Birtaniya Graham Hancock, mai shirin Ancient Apocalypse da Netflix ta saki a 2022. Zancen kuwa tsoho ne. Aflatun na Girka ya ba da labarin tsibirin Atlantis tun wajen shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa, sai ɗan siyasar Amurka Ignatius Donnelly ya sake hura masa wuta da littafinsa na 1882.

Ko kun san maginan dalar Giza sun bar shaida a rubuce? A 2013 aka tono takardun wani shugaban ma'aikata, Merer, a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. Rana bayan rana yake lissafa yadda shi da mutanensa suke lodin farin dutse daga Tura, su bi ruwa da jirgi zuwa dalar Fir'auna Khufu. A gefen dalar ma an gano kaburburan ma'aikata, da wuraren gasa burodi, da tarin ƙasusuwan shanun da suka ci. Ita ɓatacciyar al'ummar fa? Ko katangar tukunya ba ta bari ba.

Masu wannan ra'ayi kan ce dalar Meziko ta yi kama da ta Masar. Sai dai tsakanin ta Khufu da Dalar Rana ta Teotihuacan akwai shekara sama da 2,500.

Sukan kuma kafa hujja da kufan Gobekli Tepe ta Turkiyya. Ta haura shekara 11,000, gaskiya ne, amma mafarauta ne suka sassaƙa ginshiƙanta da makaman dutse.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waɗanda ake ƙwace wa aikinsu. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga kan tagulla a Ile-Ife, ya ce ragowar Atlantis ce, don bai yarda hannun Bayarabe zai iya ba. A 1871 Karl Mauch ya jingina ganuwar Babbar Zimbabuwe ga Sarauniya Bilkisu. Masaniya Gertrude Caton-Thompson ta yi tono a wurin a 1929, ta tabbatar aikin 'yan Afirka ne, amma gwamnatin farar fata ta Rodeshiya (Zimbabuwe ta yau) ta toshe kunne, ta yi ta matsa wa masu faɗin haka lamba, har masani Peter Garlake ya bar ƙasar a 1970.