In Duniya Tana Ɗumama, Ina Dalilin Sanyin Hunturu?

A zango na biyu, lokacin da hunturu ya kankama, wani ɗalibinmu na aji huɗu ya same mu a ofishin malamai bayan an tashi. Yaro ne mai son kimiyya, ba ya fashin taron ƙungiyar kimiyya ta makaranta. Bayan ya gaishe mu sai ya ce, "Malam, na ji a rediyo wai duniya tana ƙara zafi. To, ga shi yau da safe da ƙyar na iya taɓa ruwan wanka. Wanne ne gaskiya? Ni kimiyyar yanayi nake so in karanta, amma fizis da kemistiri suna ba ni wuya. Ba dama in bar su?"

Muka ce masa ba dama, domin amsar tambayarsa ta farko a cikin darussan nan biyu take. Mun san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba, shi ya sa muka rubuta amsar a nan.

Da farko, sai mu raba yanayin rana ɗaya da yanayin shekaru. Makin da ɗalibi ɗaya ya samu a jarrabawa ɗaya ba ya nuna ƙoƙarin makaranta. Sai an haɗa makin kowa na shekaru da yawa. Haka masana suke yi. Suna tattara awon zafi daga dubban wurare, a tudu da teku, su fitar da matsakaici, galibi na shekara 30. Da wannan awo aka gano cewa shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun daga 1850, kuma ta ɗara matsakaicin shekarun 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.5 a ma'aunin Salshiyas. Sanyin safiya ɗaya a gari ɗaya ba zai rushe wannan lissafi ba.

Yanzu ga aikin fizis. Hasken rana yana ratsa iska ya sauka a ƙasa, ƙasa ta yi zafi. Duk abin da ya yi zafi kuwa yana fitar da zafin nan ta wani irin haske da ido ba ya gani. Ku tsaya kusa da bangon da rana ta doka, bayan faɗuwar rana, za ku ji shi a fuskarku. Da a ce wannan zafi yana ficewa sararin sama ba tare da wani shamaki ba, da matsakaicin zafin duniya ya zama digiri 18 ƙasa da sifiri, ruwa ya daskare kusan ko'ina. Amma matsakaicin kimanin digiri 15 ne sama da sifiri. Wani Bafaranshe, Joseph Fourier, ya lura tun 1824 cewa iskar da ta lulluɓe duniya tana da hannu a ɗuminta. A 1859 John Tyndall ya gwada iskoki iri-iri a Landan. Ya ga naitirojin da oksijin, waɗanda su ne kashi 78 da kashi 21 cikin ɗari na iska, ba su tare wannan zafi. Tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid su ne suke shanye shi, su mayar da wani sashe ƙasa, kamar yadda bargo yake yi wa mai barci.

To, a nan ne hunturu ya shigo. Iskar hunturu daga hamadar Sahara take busowa, busasshiya ce, tururin ruwan da ke cikinta kaɗan ne. Da dare ya yi sai zafin ƙasa ya fice da sauri, gari ya waye da sanyi. Ku kwatanta da daren da hadari ya haɗo a farkon damina, lokacin da gumi yake hana mu barci. A wannan dare bargon ya yi kauri. Ashe sanyin da ɗalibinmu ya kawo a matsayin hujja, shaida ce ta abin da Tyndall ya gano.

Saura tambaya ɗaya: me yake ƙara wa bargon duniya kauri? Wannan kuma aikin kemistiri ne. Itace da gawayi da kwal da fetur duk suna ɗauke da sinadarin kabon. In sun ƙone, kabon ɗin yana haɗuwa da oksijin na iska. Giram 12 na kabon yana ɗaukar giram 32 na oksijin, a sami giram 44 na kabon dayoksaid. Shi ya sa litar fetur ɗaya, wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, take fitar da kimanin kilo 2.3 na wannan iska. Ragowar nauyin daga oksijin ya zo. Itatuwa suna zuƙe kabon dayoksaid su gina jikinsu da shi, saboda haka wanda ya sare itace ya dasa wani ya soma biyan bashi. Amma kwal da man fetur sun yi miliyoyin shekaru a binne, yanzu kuwa ana tono su ana ƙonawa cikin ɗan lokaci.

Tun 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya yi lissafi da alƙalami da takarda cewa ƙaruwar wannan iska za ta ɗumama duniya. A 1958 wani Ba'amurke, Charles Keeling, ya soma auna ta a kan dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai. Ya sami kimanin kashi 315 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu kimanin 280 ne. A 2013 awon ya taɓa 400, a 2024 kuma ya haura 420.

Da ɗalibinmu ya ji haka sai ya ce, "Malam, 420 cikin miliyan ai ba komai ba ne." Muka tambaye shi yawan gishirin da ake sa wa tukunyar miya, da abin da zai faru in mai girki ta ƙara rabin abin da ta saba. Kabon dayoksaid ta ƙaru da kusan rabi. Ga shi kuma tururin ruwa yakan koma ruwan sama cikin kwana tara ko goma, ita kuwa wani sashenta yakan yi ɗaruruwan shekaru a sama. Bayan haka, duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar riƙe ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin ɗari. Sakamakon haka bargon yana daɗa kauri, ƙasar gona tana saurin bushewa, in ruwa ya tashi sauka kuma ya zubo da ƙarfi. Yawancinku 'ya'yan manoma ne, kun san abin da wannan yake nufi ga gero da masara, da kuma kuɗin makarantarku.

Shawararmu ga ɗalibin nan, da duk mai buri irin nasa, uku ce. Na ɗaya, kada ku guji lissafi, domin kun ga 12 da 32 da 44 ne suka warware zancen fetur. Na biyu, in darasin zafi a fizis ko na ƙonewa a kemistiri ya shige muku duhu, ku tsayar da malami ku tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Na uku, ku soma awo da kanku. Ku rataye ma'aunin zafi a inuwa, ku duba shi ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe biyu na rana kullum. Da damina ku ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, ku auna zurfin ruwan da ya tara da rula, ku rubuta. Irin wannan awo, da kayan aiki masu inganci, shi ne tushen hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Nijeriya take fitarwa kowace shekara domin manoma.

Ɗalibinmu ya karɓi shawara. Littafin awonsa yana nan a ɗakin gwaje-gwaje, ya cika shafi goma sha ɗaya. Muna neman waɗanda za su taimaka masa, musamman 'yan ƙananan azuzuwa, domin awon ya ci gaba bayan ya gama makaranta. Mai so ya zo taron ƙungiyar kimiyya ranar Laraba.