Gyambon Da Ya Sauya Hali

Da yawa a Anka, Gummi da Bukkuyum sun ɗauka sankarar fata ciwon Turawa ce. Gaskiya baƙar fata na kare mu daga illar rana, amma sankarar tana kama mu, kuma takan ɓuya a abin da muka saba gani.

Babbar maɓoyarta tsohon gyambo ne da tabon ƙuna. Wanda ya ƙone a murhu yana yaro, tabon zai iya zama lafiya shekara 20 ko 30, sannan ya fashe. Idan gyambo ya soma tsiro da nama, bakinsa ya yi tauri ya kumbura, yana ɗoyi, ɗan taɓawa sai jini, to ya sauya hali.

Sai baƙin ɗigo a tafin ƙafa, a dunduniya ko a ƙarƙashin farce. Manomi a fadamar Gummi ko mai haƙar zinare a Bagega zai ce ƙaya ce, ko jini ne ya kwanta. Kwantaccen jini yakan bi farce yana tsiro har ya fice. Sankarar da ake kira melanoma kuwa tana nan daram, tana faɗaɗa, launinta na rarrabuwa. Ita ce aka gano a yatsan ƙafar mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1977, bayan an ɗauka raunin ƙwallo ne. Ta kashe shi a 1981 yana da shekara 36.

Zabiya sun fi kowa shiga haɗari, don rana na cin fatarsu kai tsaye. Ɓawon da ke ɓarewa yana dawowa a leɓe, kunne ko wuya abin dubawa ne. Malafa da riga mai dogon hannu kariya ce gare su.

Tsiro ko miki da ya wuce wata guda bai warke ba, ko tawadar Allah da ta soma girma, kada a miƙa wa wanzami, kada a ƙona. A je babban asibitin gari, a nemi a tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a ɗebi ɗan naman a auna. Hanya na da hatsari, kuɗin mota ya yi tsada, amma da wuri ƙaramar tiyata kan isa. In aka bari har kaluluwa ta fito a matse-matsi, ko yanke ƙafa ba lalle ya tsayar da sankarar ba.