Tasirin Dokar Filaye ga Aikin Kamfanonin Gina Gidaje: Misali daga Unguwar Chagoua

1.0 Gabatarwa

Kamfanin gina gidaje shi ne wanda yake sayen fili, ya yanka shi fuloti-fuloti, ya fitar da hanyoyi da magudanan ruwa, ya gina, sannan ya sayar ko ya ba da haya. Wannan takarda ta duba yadda doka take shata wa wannan aiki iyaka a Chagoua, wata unguwa da ke bakin kogin Shari a gunduma ta 7 ta birnin Njamena.

2.0 Mallakar Fili

Ranar 22 ga Yuli, 1967, ƙasar Chadi ta kafa dokoki uku kan filaye. Doka ta 23 ta shafi dukiyar hukuma, ta 24 ta shafi mallaka da haƙƙin gargajiya, ta 25 kuwa ta bayyana yadda hukuma za ta karɓi fili domin amfanin jama'a. Bisa waɗannan dokoki, filin da ba a yi wa rajista ba ana ɗaukar sa na hukuma ne, sai in an kawo hujjar da ta nuna akasin haka. Wannan ya yi kama da dokar filaye ta 1978 a Nijeriya, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna.

Saboda haka, takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta wadatar da kamfani ba. Sai ya sami takardar mallaka mai rajista kafin ya yanka fuloti, ko ya jinginar da filin a banki, ko ya ba mai saye tabbaci. Gini kuma yana buƙatar izini na daban.

3.0 Rusau na 2008

Bayan harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008, hukuma ta rushe gidajen da ta ce an gina ba bisa ƙa'ida ba, har da na Chagoua. Ƙungiyar Amnesty International, ta hanyar hotunan tauraron ɗan'adam, ta ƙirga gine-gine fiye da 3,700 da aka rushe a birnin cikin kusan shekara guda. Da yawa daga cikin mazauna ba a biya su diyya ba.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa jari da ƙwarewa kaɗai ba su isa ba. Inda takarda ta tsaya, nan aikin kamfani yake tsayawa, domin kowa ya ɗora bulo a filin da babu rajista, to dukiyarsa da ta mai saye ya sa a caca.