Magani Da Ma'auni: Abin Da Ya Sa Nas Take Yawan Tambaya

Kowane manomi ya san taki yana da ma'auni. In ka rage wa masara, ba za ta yi ba. In ka tula mata a gindi, sai ta ƙone. To, 'yan'uwa, haka magani yake a jikin mutum.

A yawancin ƙauyukanmu babu likita. Nas ko malamin asibiti shi ne yakan duba marar lafiya ya rubuta masa magani, bisa ga ƙa'idodin da aka koya masa. Waɗansu mutane sukan yi gunaguni, wai nas ta cika tambaya, gara su je wurin mai tallar magani a kasuwa. Amma tambayoyin nan su ne rabin aikin.

Inda Magani Yake Bi

In ka haɗiye ƙwaya, takan narke a ciki ta shiga jini. Hanta ce take sarrafa yawancin magunguna, ƙoda kuma ta fitar da su cikin fitsari. Hantar jariri ba ta ƙosa ba, ƙodar tsoho kuwa ta rage ƙarfi. Saboda haka abin da ya yi wa ƙato daidai yana iya zama musu guba.

Shi ya sa nas takan tambayi shekaru, ta sa yaro a kan sikeli. Takan tambayi mace ko tana da ciki, gama tetirasaikilin yana ɓata haƙoran jariri tun yana ciki, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Takan tambaya ko kana da gyambon ciki, domin asfirin yana iya sa shi zubar da jini. Takan tambaya ko kana shan giya ko burukutu, gama ba a haɗa su da Flagyl. Takan kuma tambayi abin da ka riga ka sha a gida. Babban mutum ba ya wuce ƙwaya 8 ta farasitamol mai miligiram 500 a yini da dare, magungunan mura da yawa kuwa suna da farasitamol a ciki. Wanda ya haɗa biyun yana iya lalata hantarsa bai sani ba.

Misalin Zazzaɓin Cizon Sauro

Dā kulorokwin ake sha. Da ƙwayoyin cutar suka saba da shi, sai Nijeriya ta sauya magani a shekara ta 2005. Yanzu ana fara ɗiban jini kaɗan a yatsa, a sami sakamako cikin kamar minti 20, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba.

In an ga cutar, akan ba da Coartem ko irinsa, bisa ga nauyi. Ga yawan ƙananan ƙwayoyin da ake sha a kowane lokaci:

Kilo 5 zuwa 14: ƙwaya 1
Kilo 15 zuwa 24: ƙwaya 2
Kilo 25 zuwa 34: ƙwaya 3
Kilo 35 zuwa sama: ƙwaya 4

Ana sha sau 6 cikin kwana 3. Na biyu yana zuwa awa 8 bayan na fari, sauran kuma safe da yamma. A sha da madara ko abinci mai mai, gama maiƙo ne yake taimakonsa shiga jini. A lura: akwai babbar ƙwaya wadda guda ɗaya take daidai da ƙananan huɗu. Kada ku yi lissafi da kanku, ku bar nas ta nuna muku. Wanda ya daina sha don jiki ya yi sanyi, kamar mai noma ne da ya bar rabin ciyawa a gona.

Daga Ina Maganin Ya Fito?

A shekara ta 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa wanda aka haɗa da guba. An kafa hukumar NAFDAC a 1993. Ku duba lambarta a jikin kwali, da ranar da maganin zai lalace.

Aikin Ƙungiya

A taronku na gaba ku yi shawara a kan abubuwa uku. Mai zuwa asibiti ya tafi da kwalayen dukan abin da yake sha, ya faɗi har da na gargajiya. Kada a ba yaro ragowar maganin babba. Kafin damina ta yi nisa, ku gayyaci nas ta zo da sikeli ta auna yaranku, kowace uwa ta riƙe nauyin ɗanta a rubuce.