Sassaƙar Ƙarfe da Tartsatsi: Dalilin Komawa ga Iska

Akwai ƙarfe mai taurin da zarto da magagari ba sa iya cinsa, irin wanda ake ƙera mazubin kayan roba da sassan injin jirgin sama da shi. A 1943 wasu ma'aurata masana a Tarayyar Sobiyet, Boris da Nataliya Lazarenko, suka gano yadda za a sa tartsatsin lantarki ya riƙa cinye shi, kowane tartsatsi yana narkar da ɗan abin da ido ba ya gani. Bisa al'ada a cikin kananzir ko mai danginsa ake nutsar da aikin, wani lokaci a tataccen ruwa, domin a sanyaya wurin a kuma wanke burbushin. Sai dai zafin tartsatsin ya kai dubban digiri. Yana ƙona man ya ta da hayaƙi mai guba da ma'aikaci ke shaƙa, ga fargabar gobara, ga baƙar laka mai ƙarfe da ke taruwa a tanki.

A 1997 Masanori Kunieda da abokin aikinsa a Japan suka nuna cewa iska ma za ta iya maye gurbin man. Sun yi amfani da siririn bututu yana juyawa, tartsatsin na tashi daga bakinsa, iska mai ƙarfi na fitowa ta cikinsa tana hure narkakken ƙarfen. Bakin bututun da ƙyar yake cinyewa, kuma idan iskar oksijin aka hura, aikin yakan ƙara sauri saboda ƙarfen na ƙonewa da ita.

Masu ja da wannan hanya suna da hujja. Iska ba ta sanyaya wuri kamar mai, burbushi kan sake manne wa ƙarfen, wutar kan sarƙe ta ɓata fuskar aikin. Amma waɗannan matsaloli ne na ƙira, kuma ana rage su ta hanyar fesa ɗan raɓar ruwa cikin iskar. Ita kuwa illar mai daga shi kansa man take, tacewa da bututun hayaƙi rage ta kawai suke yi. Arahar mai kuma ta samu ne don ba a sa huhun ma'aikaci da ƙasar da ake zubar da lakar cikin lissafi. Idan aka sa su, kuɗin da ake kashewa wajen inganta aiki da iska ba asara ba ne.