Ƙahon Korona da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Ba mu manta 2020 ba. Ranar 6 ga Maris aka sami mutum na farko da korona a Togo, kafin watan ya ƙare an rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 2022. Daga Cinkassé har Aflao fatauci ya yi sanyi, mu nan Bè-Kpota muka ji a jikinmu.

To, kun tuna na'urar nan da ake auna mana a goshi? Hasken zafi take karantawa, wanda jiki ke fitarwa amma ido ba ya gani. Da irin wannan haske masana ke binciken ƙwayar cutar.

Mu dai ko daga nesa mukan bambanta Bunaji da Rahaji da Gudali ta ƙaho. Ita ma korona ƙahoni gare ta kewaye da jikinta, da su take kama tantanin hanci ko na hanji ta shiga. Kowane ƙaho igiya uku ne na furotin a haɗe, wani wuri a murɗe, wani a shimfiɗe kamar tabarma. In aka haska shi, kowane irin naɗi yakan sha nasa rabon hasken, na'ura ta zana abin da ya ragu. Daga zanen ake gane ƙirar ƙahon. A 2023 masana a Roma, ƙasar Italiya, sun gwada ƙahonin MERS da SARS da korona ta 2019, suka ga bambanci.

Me ya shafe mu? Korona dangi ce babba. Akwai ta raƙuma, watau MERS, wadda aka samu a hancin raƙuma a mayankar Kano a 2015. Shanu ma suna da tasu, mai sa maruƙa zawo da tari, ba ita ce ta 2019 ba. Tun da a kan ƙahon ake gina yawancin allurar rigakafi, sanin ƙirarsa ribarmu ce.

Namu aikin: a ware dabbar da ke zawo, kada a loda ta mota da masu lafiya, a bar ɗan maraƙi ya sha dakashi, a kira likitan dabbobi da wuri. Allah Ya kiyaye mana dukiyarmu, amin.